Ƙofofin Kawu Kafinta

Zuwa ga Kawu Kafinta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗanka da iyalinsa. Ni ma lafiyata ƙalau, ban da ciwon gwiwa da yake zuwa gaishe ni duk farkon damina.

Na san kana ta juya takardar kana cewa wace ce wannan kuma. Mahaifiyarka da kakata ta wajen uwa ciki ɗaya suka fito. Ni 'yar wadda kuke kira 'Yar Fara ce, ta gidan bakin gada. An ce ina jaririya a goye lokacin da ka bar garin nan, saboda haka ba zan yi fushi ba in ba ka tuna fuskata ba. Inna ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta. Ban sani ba ko labari ya kai gare ka. Mai kemis ne ya ba ni adireshinka, shi ne kuma ya ce kada in wahalar da kaina da neman lambar waya, wai kunnenka ya yi nauyi, ko an kira sai dai a yi ta ihu a banza.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ni malamar firamare ce a nan. An aiko mana daga ofishin ilimi cewa kowace makaranta ta koya wa yara tarihin garinsu: yadda aka kafa shi, ina kogi ina tudu, su wa suka zauna a ina. Na buɗe littafin da suka aiko, na tarar garinmu layi ɗaya da rabi ne a ciki, rabin ma kuskure ne. Na zagaya wajen tsofaffi. Waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya, wanda ya rage kuma da na tambaye shi wa ya kafa garin, sai ya ce mini shi dai ƙafarsa ke ciwo. Kowa na tambaya sai ya ce, “Ai da Kafinta yana nan.”

To Kawu, ga ni na kawo kukana. Ka rubuto mini abin da ka sani, ko kaɗan ne. In rubutun yana yi maka wuya, ka sa ɗaya daga cikin jikokinka ya riƙe maka biro.

'Yarka,
Malama

*

Zuwa ga 'yata Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta har gefenta ya fara laushi. Lafiyata lau, sai abin da ba a rasa ba. Rasuwar 'Yar Fara ban ji ba sai a bakinki. Allah ya gafarta mata. Ta girme ni da kaɗan amma duk ƙuruciyarmu ita ke dukana, ki sa wannan ma a tarihin.

Ki gaya wa mai kemis kunnena ne ya yi nauyi, ba hannuna ba. Da kaina nake rubutu. Jikokin nan in na ba su biro sai su tambaye ni ina ake kunna shi.

Yanzu ki saurara. Kogi ne ya haifi garinmu. Kafin a yi gada, fatake masu jakuna suna isowa mashigi, in damina ce su tarar ruwa ya cika, dole su sauke kaya su jira ya janye. Wani maƙeri ya ga mutane zaune ba abin yi, ga kayansu duk sun lalace a hanya, sai ya kafa maƙerarsa a gindin tudu. Wata mata ta zo ta kafa murhu tana sayar musu da abinci. Waɗannan biyu su ne farkon gari, kuma ba su taɓa shiri ba, shi ya sa har na taso mutanen tudu da mutanen bakin ruwa ba sa rasa abin faɗa.

Garin dogo ne siriri, don kogi ya tokare shi ta yamma, dutse ya tokare shi ta gabas, bai da wajen faɗaɗa sai dai ya miƙe. Titi ɗaya ne na kirki, daga gada har injin gurzar auduga. Da aka kawo injin nan ne gari ya cika ya batse. Lokacin kaka motoci sukan yi layi tun daga kasuwa, mutum ya fito da farar riga ya koma da farin kai. Baƙi suka zo daga ko'ina, aka yi ta gini, kuma duk gidan da aka gina sai an sa masa ƙyaure. Nan ne ni da babana muka shigo cikin tarihi. In kin bi titin nan, rabin ƙofofin da za ki gani daga shagonmu suka fito.

Ni ba na tuna gari da sunayen unguwanni, da ƙofofi nake tuna shi. Saboda haka ga sharaɗina. Zan riƙa ba ki tarihi, ke kuma ki riƙa dubo mini aikina. Ki fara daga gada. Gida na farko a hannun dama naku ne, ƙyauren maɗaci mai ganye biyu, shi ne na farko da babana ya bar ni na haɗa ni kaɗai. Sai na mai gyaran keke, mai shuɗin fenti, na yi masa faɗi don keke ya shige ba sai an karkata ba. Sai na ungozoma, wanda na sa wa sakata ta waje da ta ciki, don ana buga mata ƙofa a kowane lokaci. Ki dubo ko suna nan, ko gara ta cinye, ko an cire an sa na ƙarfe.

A nan inda nake, hawa na uku, duk ƙofofin na ƙarfe ne, launi ɗaya, tsayi ɗaya. Rannan na fita shan iska na dawo na yi ta murɗa ta maƙwabta.

Kawunki,
Kafinta

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ka daina murɗa ƙofar mutane kafin a kira maka 'yan sanda. Gwiwata da sauƙi.

Na karanta wa yara labarin maƙeri da mai abinci. Nan take aji ya rabu biyu, 'yan tudu da 'yan bakin ruwa, sai da na ɗauko bulala. Ashe faɗan bai mutu ba, barci yake yi.

Na yi aikin da ka sa ni. Na ɗauki takardarka a hannu na bi titi kamar mai neman hayar gida. Namu yana nan daram, kullum ni ke buɗe shi, yana ɗan kuka in an yi ruwa. Na mai gyaran keke yana nan da shuɗinsa, fentin ya ɗan koɗe amma ko tsagewa babu. Na ungozoma ma yana nan, sakatun biyu duka. Na ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa yadda na ga kafintoci suna yi, ya amsa da ƙarfi, babu alamar gara. Kawu, hannunka yana da albarka. Gidajen da aka sa wa na ƙarfe duk sun yi tsatsa, naka kuwa kamar jiya aka kafa su.

Injin auduga ya daɗe da tsayawa, wannan na san ka sani. Babbar hanya kuma da aka yi sabuwa, ta bayan dutse aka bi da ita, sai mai niyya yake ratsowa ta cikin gari. Amma kogi yana nan, dutse yana nan. Da yamma inuwarsa ba ta zuwa, da safe ne take rufe rabin gari, har sai hantsi rana ke leƙo makarantarmu.

Yara suna tambaya wa ya gina gada, kuma me ya sa rijiyar kasuwa take da baki biyu. Ka ci gaba, muna saurare. Ni ma, in faɗa maka gaskiya, na fi su ɗokin zuwan motar gidan waya. Tun rasuwar Inna ba wanda ya rubuta sunana a bayan ambulan sai ofishin ilimi.

'Yarka,
Malama

*

'Yata Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida ɗalibanki, 'yan tudu da 'yan bakin ruwa, amma ki fi gaishe mini da na bakin ruwa. Lafiya lau nake. Tun da takardarki ta zo nake cin abinci da yawa, har surukata ta tambaya ko an canza mini magani.

Kin faranta mini rai. Ƙyaure ba ya tsayawa shi kaɗai shekara da shekaru, sai da mai kula da shi. In na mai gyaran keke yana nan lafiya, to 'ya'yansa sun gaje shi da kirki. Ki gaishe su, ki ce Kafinta yana tambayar ko har yanzu akwai mai cin bashin iskar taya a gidansu.

Gada kuwa, ba gwamnati ta fara yin ta ba. Masu injin auduga ne suka gaji da jiran kogi, suka yi ta katako, ruwa ya tafi da ita, suka sake, ya sake tafiya da ita. Sai daga baya aka yi ta siminti. Ranar da aka buɗe ta, masu fito da kwalekwale suka zauna a bakin ruwa suka juya mata baya, don ta kashe musu sana'a. Kakanki na wajen uba yana cikinsu, har ya mutu bai taka ta ba, sai dai ya tuɓe ya yi iyo. Rijiya mai baki biyu kuma, faɗan nan ne dai. Rijiya ɗaya ce a ƙasa, amma kowane ɓangare ya ce ba zai jefa guga ta bakin da ɗayan yake jefawa ba.

Yanzu ki wuce kasuwa ki hau tudu. Akwai na mai ɗinki, mai 'yar taga a sama don haske. Akwai na direban motar auduga, wanda ya sa na rage wa tsayi don ya ce surukinsa dogo ne, yana so ya riƙa sunkuyawa in zai shigo. Akwai na gidan marayu uku, wanda babana ya hana a karɓi ko sisi a kansa.

Kin ce ba mai rubuta miki. Ni kuma ba mai yi mini magana. Ba wai suna wulaƙanta ni ba, Allah ya sani ɗana yana ƙoƙari. Amma da sassafe kowa ya fice, shi da matarsa wajen aiki, yara makaranta. A kulle ni ta waje don kada in ɓata. In zauna bakin taga ina kallon rufin motoci. Da yamma su dawo a gajiye, a yi mini magana da ƙarfi sau ɗaya, in ban ji ba a yi murmushi a wuce. Kaɗaici a cikin mutane yana da ciwo, 'yata. Na gaya miki ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, zazzaɓi ne ya kwantar da ni, amma na miƙe.

Na hau tudu. Na mai ɗinki yana nan da tagarsa. Na direba yana nan, na gwada shi da tsayina na yi ta dariya ni kaɗai a titi. Na gidan marayu ma lafiya lau.

Maganarka ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Da nake kwance da zazzaɓi, sai da na rarrafa na ɗebo wa kaina ruwa. Gidan nan ya yi mini girma, Kawu. 'Yata tana gidan mijinta a nesa, mahaifinta kuma ƙasa ta rufe shi tuntuni. Ɗakin da ke kusa da zaure, wanda Inna ta ce nan kake kwana kana saurayi, har yanzu ina share shi ina buɗe tagarsa, ban san don wa ba. Wani lokaci in na gama karanta takardarka sai in ji kamar kana ciki kana tari.

Ka ba mu labarin shekarar babbar ambaliya, yara sun ji ana ambatonta.

'Yarka

*

'Yata,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni garau nake, rabon da in ji ƙarfi irin na yanzu har na manta.

Labarin ambaliya ba zan rubuta shi ba. Da bakina zan ba yaran, a gabansu, in nuna musu inda ruwa ya tsaya a bangon kasuwa.

Na gane abin da kike nufi da maganar ɗakin zaure. Ke 'yar mutunci ce, ba za ki fito fili ki ce tsoho ya taso ba, sai ki ce kina share ɗaki ba ki san don wa ba. To na ji, kuma na amsa. Ke kaɗai, ni kaɗai, ga gida, ga gari cike da mutanen da suka san ni. Me nake yi a saman bene?

Na gaya wa ɗana. Ya ce sam. Muka kai ruwa rana. Ya ce wa zan sani a can bayan shekarun nan duka? Na ɗauko takardunki na shimfiɗa masa, na ce karanta, gidan mai gyaran keke yana nan, na ungozoma yana nan, na mai ɗinki, na direba, duk suna nan. Ya ce aƙalla a kira ki a waya, na ce ba ni da lambarki, kuma maganar da aka yi a rubuce ba ta bukatar ihu. Na yi rantsuwa a gabansa cewa sai na koma gida, abin da ban taɓa yi ba. Matarsa ta yi kuka, daga baya ya ce in ruwa ya ɗauke zai sa a kawo ni. Ba na jin zan iya jira har ruwa ya ɗauke.

Na fito da zartona da gudumata daga ƙarƙashin gado, na goge su. Ƙyaurenku da kika ce yana kuka, kwana ɗaya zan yi masa. Kada ki wahalar da kanki da wani shiri, tabarma da buta sun ishe ni.

Kawunki da ke tafe

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa wannan ta riske ka kafin ka ɗaura kaya. Takardarka ta daɗe a hanya. Ruwa ya cinye ƙasar da ke bakin gada, motar gidan waya ta daina shigowa, sai jiya wani mai babur ya kawo buhun wasiƙu. Da na karanta sai da na zauna a ƙasa.

Kawu, kada ka zo. Don girman Allah kada ka zo.

Ka tambaye ni ƙofofi, na ba ka labarin ƙofofi. Ban yi maka ƙarya ko ɗaya ba, amma ban gaya maka abin da ke rataye a jikinsu ba. Kwaɗo ne. Gidan mai gyaran keke a kulle yake tun kafin in yi aure, 'ya'yansa suna birni. Ungozoma ta rasu, ba wanda ya gaje ta, haihuwar ma yanzu sai a daɗe ba a yi ba. Gidan mai ɗinki, gidan direba, gidan marayu, duk ciyawa ce a tsakar gida, ta tsagar ƙyaure nake leƙawa. Daga gada zuwa kasuwa, gidajen da ake hura wuta a cikinsu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Da na ce aji ya rabu biyu, ajin ne duka makarantar, a ɗaki ɗaya muke, manya da ƙanana. Da ka ce in gaida 'ya'yan mai keke na ɗauki biro zan gaya maka, sai na tuna ka ce ka fara cin abinci, na ajiye.

Ga kuma wadda ta fi. An rufe makarantarmu. Za a riƙa kwasar yaran a mota zuwa garin da ke kan sabuwar hanya. Ni kuma an yi mini canjin wurin aiki zuwa can wani gari a ƙarshen jiha, inda ban san kowa ba, kuma an ce in kama aiki farkon zangon karatun nan. Na je ofis na roƙa, suka ce ko in tafi ko in ajiye aikin. Ban isa fansho ba, Kawu, kuma ba ni da wani abin dogaro.

Maganar ɗakin zaure ba kira ba ce. Kewa ce ta yi mini yawa na faɗe ta, ban yi tunanin yadda za ta sauka a kunnen wanda yake zaune a bakin taga ba. Laifina ne. Ka nuna wa ɗanka wannan, ka ce ni na ruɗe ka, rantsuwarka tana wuyana. Ka zauna inda akwai asibiti da masu dafa maka abinci.

Zan bar makullin gida wajen mai kemis.

'Yarka mai neman gafara

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Shiru ya yi yawa. In fushi kake yi, ka rubuto ka zage ni, zan ɗauka.

Na iso, na kama aiki. Ga adireshina a bayan takarda. Ɗaki ɗaya na samu a gidan haya, bayan tashar mota. Aji cike yake maƙil, har wasu a kan taga suke zama, ban gama riƙe sunayensu ba. Malamai suna da kirki, ana gaisawa, amma an tashi kowa ya kama gabansa. Ranar da ba makaranta nakan wuni ban buɗe baki ba sai in zan yi salla. Nan ƙasar shimfiɗe take, ba dutse ba kogi, rana tana fitowa ta faɗo wa mutum a ka ba sallama. Rannan wata yarinya ta tambaye ni, “Malama, ina ne garinku?” Na faɗa mata, ta ce ba ta taɓa ji ba. Na ce ta ɗauko taswirar aji in nuna mata, muka duba tare, babu shi.

Yanzu na san abin da kake nufi da bakin taga. Ka amsa mini ko layi ɗaya ne, in san kana lafiya.

'Yarka

*

'Yata Malama,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba fushi nake yi ba. Daga ɗakin zaure nake rubuto miki.

Mun yi saɓani da takardarki a hanya. Na gaya miki ba zan iya jiran ruwa ya ɗauke ba, ban kuwa jira ba. Na matsa wa ɗana har ya haɗa ni da wani direba. A bakin gada ya sauke ni don mota ba ta iya hawa, na ɗauki akwatina da jakar kayan aiki na tako da ƙafa. Na ga ƙyaurenmu tun daga nesa, na gane shi kamar yadda ake gane ɗa. Na yi sallama, na sake yi. Na ce kunnena ne, tana amsawa ba na ji. Sai da na matso na ga kwaɗo.

Na zauna a dakali har la'asar. Akuya ce kawai ta wuce. Daga baya mai kemis ya hango ni, ya zo da makulli, ya tsufa har ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Ya ce kwana kaɗan ne tsakanin tafiyarki da zuwana. Takardunki biyu kuma ɗana ne ya kawo su da kansa, bayan ya karanta. Ya zo da mota zai mayar da ni.

Kafin ya zo na riga na bi titin, daga gada har injin auduga. Ba ki yi ƙarya ba, duk suna nan, kuma sun fi yadda nake zato kyau. Abin da ya sa suka yi kyau shi ne ba mai taɓa su. Ƙyauren da ake shiga ana fita, wajen da hannu yake kamawa yakan yi baƙi ya yi santsi, ƙasansa ya cinye. Ni na san wannan tun ina yaro. Da na tambaye ki shi da na gane tun takardar farko. Ban tambaya ba don ba na son in sani. Saboda haka ki sauke laifin nan daga kanki, mu raba shi biyu.

Na tsaya a ƙofar mai gyaran keke na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ba don shi ba, shi ya huta. Don na yi shekaru ina ba jikokina labarin wani gari, ashe ni kaɗai nake cikinsa.

Ɗana ya kwana biyu yana lallashi. Na ce masa ya tafi. Ba rantsuwar ce ta riƙe ni ba, wannan ana yi mata kaffara. A can ana kulle ni ta waje, a nan ni ke riƙe da makulli. Ya bar mini magunguna, ya yi magana da matar mai kemis tana aiko mini da abinci, ya tafi yana share ido. Ba zan ce miki daɗi nake ji ba. Gidan nan ya yi mini girma kamar yadda ya yi miki, kuma in gari ya yi shiru, ni da ba na ji ma sai in ji shirun. Ina jin tsoron in faɗi ba wanda ya sani. Amma da safe ina fita in zauna da tsofaffin da suka rage a bakin rijiya. Yanzu ta baki ɗaya kowa yake ɗiba, ɗayan ya rufta. Ƙyaurenku ya daina kuka.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wannan. Masu ƙidayar jama'a sun shigo gari. Wata yarinya ce ta zo nan da jaka a kafaɗa, ta ce aikin da aka ba su kwanaki su yi, kafin azahar sun kusa gamawa. Ta zauna a dakali ta ɗaga murya ta ce, “Baba, mutum nawa ne a gidan nan?”

Na ce, “Ɗaya.”

Ta rubuta. Sai ta ce, “Babu wanda ya yi tafiya, wanda nan ne gidansa, ana sa ran zai dawo? Akwai gurbin da ake sa irinsu.”

Na juya ina kallon ƙyauren. Ta ɗauka ban ji ba, ta sake faɗa da ƙarfi. Na ce, “Na ji ki, 'yan mata. Ban sani ba ne.”

Ta ce za su sake zagayowa bayan wata guda don gidajen da ba a samu kowa ba, in na tabbatar sai in gaya mata. Na ce ta bar gurbin a buɗe, zan tambaya.

Ba cewa nake ki bar aikinki ba, na riga na yi wa maganarki fassara sau ɗaya, na ga inda ta kai ni. Wannan karon a fili nake tambaya, ke ma ki amsa a fili, kada ki duba ko ina cin abinci. In yarinyar nan ta dawo, me zan ce mata?

Kawunki,
Kafinta